Makero Mai Ƙin Jin Magani



Makero cuta ce da kowa ya sani, kuma kowa ya raina. Da wuya a shiga makarantar allo ko ta firamare a ƙasar Hausa a rasa yaro mai tabonsa a ka. Ba a kwantar da mai makero a asibiti, ba a kuma zuwa gaishe shi. Iyakarta a ce ya shafa magani. To, cikin shekarun baya-bayan nan wani irin makero ya ɓulla a ƙasar Indiya, wanda ya gagari maganin da likitoci suka fi dogara da shi, sa'an nan ya ƙetare teku ya isa Turai da Amurka. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda haka ta faru, a kuma nuna cewa halin sayar da magani da yin amfani da shi barkatai, wanda ya haifi wannan cuta a can, yana nan daram a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Fumfuna da fatar ɗan Adam

Abin da ke kawo makero ɗan'uwan fumfunar nan ce da ke fitowa a jikin burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Masana sun kasa wannan dangi daban da tsirrai, daban da dabbobi, daban kuma da ƙwayoyin bakteriya. Irin da ke kama fata yana rayuwa ne a kan wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, wanda da shi aka gina bayan fata da gashi da farce. Shi ya sa cutar takan tsaya a sama-sama, tana cin gefe tana faɗaɗa kamar zobe, tsakiyarta kuwa ta yi kamar ta warke. Takan kama kai, ko gangar jiki, ko matsematsi, ko tsakanin yatsun ƙafa. A kan yaran Afirka ta Yamma an fi samun iri biyu, waɗanda masana ke kira Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii. Kyasbi shi ma daga wannan babban dangi yake, sai dai ƙwayarsa dabam ce. An ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane huɗu ko biyar a duniya yana ɗauke da wata cutar fumfuna a fatarsa.

A shekarar 1839 wani likita Bajamushe, Johann Schönlein, ya gano fumfuna a cikin ɓawon wata cutar kai, kuma wannan yana cikin karo na farko da aka danganta wata cutar ɗan Adam da wata ƙaramar halitta. Amma an yi fiye da shekara ɗari bayan haka babu maganin kirki. A farkon ƙarni na 20 likitocin Turai da Amurka sukan haska kan yaro da hasken hoton ƙashi don gashin ya zube, cutar ta rasa wurin zama. Bayan shekaru aka ga wasu daga cikin waɗannan yara sun kamu da ciwon daji. Sai a shekarar 1958 wani masani a Jami'ar Gilasgo, James Gentles, ya nuna cewa maganin sha mai suna girisiyofulbin yana warkar da makero, daga nan aka daina waccan hanya.

Dalilin ƙarancin magunguna

Wanda ya shiga kemis zai tarar da magungunan bakteriya iri-iri, amma na fumfuna 'yan kaɗan ne ƙwarai. Dalili kuwa shi ne, a wajen ginin jiki, ƙwayar fumfuna ta fi kusa da ta mutum fiye da yadda bakteriya take. Saboda haka dafin da zai kashe ta sau da yawa yakan taɓa mai ɗauke da ita. Dole mai haɗa magani ya nemi wurin da halittun biyu suka bambanta, irin waɗannan wurare kuwa ba su da yawa. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne wani maiƙo mai suna agostarol, wanda fumfuna ke gina bangon ƙwayarta da shi, alhali mutum da kolestarol yake gina nasa. Yawancin magungunan fumfuna a kan wannan maiƙo suke aiki: wasu su fasa shi, wasu su hana yin sa.

In ana maganar makero, maganin sha huɗu ne kurum ake da su: girisiyofulbin, da fulukonazol, da itirakonazol, da tarbinafin. Tarbinafin, wanda ya shiga kasuwa a Turai a 1991, shi ne ya zama zakaran gwajin dafi, domin yana kashe ƙwayar ne gaba ɗaya, ga sauƙin sha, ƙwaya ɗaya a rana, kuma mako biyu zuwa huɗu sukan isa ga makeron jiki. Har zuwa farkon wannan ƙarni samun makeron da ya ƙi jin tarbinafin abin mamaki ne da ake rubutawa a mujallar likitoci. Rahoto na farko ya fito a 2003, a kan mutum ɗaya tak a Amurka ta Arewa.

Abin da ya faru a Indiya

Cikin shekarun 2010 likitocin fata na Indiya suka fara ganin abin da ba su saba gani ba. Mutane suna zuwa da makero ya rufe ciki da baya da cinyoyi, har da fuska, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Ana samun gida guda miji da mata da 'ya'ya duk sun kamu. A ba su magani, cutar ta lafa, bayan 'yan makonni ta dawo, wasu har shekara ɗaya ko biyu suna fama. A 2017 likitoci biyu, Shyam Verma da R. Madhu, suka buga maƙala suka kira abin annoba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Delhi suka gwada ƙwayoyin da aka ɗebo daga majinyata, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa jin tarbinafin. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya haɗa yankuna da dama na ƙasar, ya sami fiye da kashi 70 cikin ɗari a wasu yankunan. A wannan shekara ta 2020 wani masani ɗan Japan, Rui Kano, da abokan aikinsa suka tabbatar cewa ƙwayar iri ce mai zaman kanta, suka raɗa mata suna Trichophyton indotineae.

Ko da aka bi sawu, likitocin ƙasar suka ɗora babban laifin a kan wani irin man shafawa da ake sayarwa ko'ina, mai araha, ba tare da takardar likita ba. Man nan gauraye ne: a bututu ɗaya an haɗa maganin fumfuna, da maganin bakteriya ɗaya ko biyu, da wani sinadari mai ƙarfi daga dangin sitiroyid. Aikin sitiroyid shi ne kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, kuma yana yin haka ne ta hanyar danne garkuwar jiki a wurin da aka shafa. Mai makero in ya shafa, kwana biyu ko uku ƙaiƙayi ya ɗauke, ja ya baje, sai ya ɗauka ya warke, ya ajiye bututun. Alhali kuwa ƙwayar tana nan da ranta, an ma ɗaure mata hannun mai gadi. Da cutar ta dawo sai ya koma ga man da ya ga amfaninsa jiya, ya kuma ba maƙwabcinsa shawara ya saya. Haka za a yi ta yi wata da watanni.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan haɗari. Tun 1968 likitoci biyu na Ingila, Ive da Marks, suka bayyana yadda sitiroyid ke ɓatar da kamannin makero, zoben ya ɓace, har gwanin likita ya ɗauke shi wata cuta ce dabam. Abin da ya bambanta a Indiya shi ne yawan mutanen da abin ya shafa, miliyoyi, a ƙasa mai zafi da gumi da cunkoso, inda ake tarayya a shimfiɗa da tawul da wurin wanki. Gwamnatin ƙasar ta yi yunƙuri: a 2016 ta haramta gaurayayyun magunguna 344, kamfanoni suka kai ƙara, sai a 2018 aka sake haramta 328 daga cikinsu. A shekarar 2018 ɗin kuma aka sa mayukan sitiroyid 14 cikin jerin magungunan da ba a sayarwa sai da takardar likita. Sai dai kafin nan cutar ta riga ta kafu.

Yadda ƙwayar ta gagari magani

Ana iya kwatanta aikin tarbinafin da makulli da kwaɗo. A cikin ƙwayar fumfuna akwai wani sinadari wanda aikinsa shi ne fara sarrafa agostarol. Tarbinafin yakan shiga cikinsa daidai wa daida, ya toshe shi, bangon ƙwayar ya kasa ginuwa, ta mutu. To, ƙwayoyin nan suna hayayyafa ne miliyan bisa miliyan, kuma jefi-jefi akan sami ɗaya da aka yi ɗan kuskure wajen kwafar gadonta. Kuskure a gurbi ɗaya tak, mafi yawa gurbi na 397 ko na 393 a jikin wannan sinadari, ya isa ya sauya siffar kwaɗon, makulli ya daina shiga.

In an sha magani yadda ya kamata, da ƙarfinsa da tsawon kwanakinsa, garkuwar jiki kuma tana aikinta, akan gama da cutar tun irin wannan ƙwaya ba ta sami sarari ba. In kuwa maganin kaɗan-kaɗan yake isa, yau a shafa gobe a bari, garkuwa kuma an danne ta, sai masu rauni su mutu, mai taurin ta rage ita kaɗai a fili, ta hayayyafa, ta tsallaka jikin wani. Watau magani ne da kansa ke yi mata shara. Wannan ita ce ƙa'idar da ta haifi zazzaɓin cizon sauro mai ƙin jin kulorokwin, wanda mutanen ƙasashen nan suka sha wahalarsa.

Wanda ya kamu da wannan sabon iri, girisiyofulbin da fulukonazol ba su cika yi masa amfani ba. Abin da ya rage shi ne itirakonazol, wanda akan sha mako shida ko takwas, wani lokaci har wata uku. Magani ne mai tsada, yana iya taɓa hanta, ba ya dacewa da mai raunin zuciya ko mai juna biyu, kuma ba ya jituwa da magunguna da yawa. Daɗin daɗawa, an riga an sami wasu ƙwayoyin da shi ma suka fara yi masa taurin kai.

Ƙetare iyaka

Cutar fata ba ta hana mutum hawa jirgi. An ba da rahoton wannan ƙwaya a Sin da Jamus da Faransa da Kanada, da farko a jikin matafiya daga kudancin Asiya. A watan Mayu na 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanar da samunta a jikin mata biyu a birnin New York. Ɗaya ta kamu ne lokacin da take Bangaladesh. Ɗayar kuwa ba ta yi wata tafiya ba, abin da ya nuna cewa cutar ta fara yawo a cikin gari. Abin lura a nan shi ne, da ido ko da madubin likita ba a iya rarrabe ta da makero na kullum. Sai an karanta gadon ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje na musamman. Ke nan ƙasashen da suka ba da rahoto su ne masu kayan ganowa, kuma shirun wata ƙasa ba shaidar lafiyarta ba ce.

Makero ba shi kaɗai ba ne a wannan hali. A 2009 aka gano wata ƙwaya mai suna Candida auris a kunnen wata majinyaciya a Japan. Tana zama a fata ba tare da alama ba, tana manne wa gadon asibiti da kayan aiki, in ta shiga jinin mai rauni takan yi kisa, kuma yawancinta ba sa jin fulukonazol. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na ƙwayoyin fumfuna 19 mafiya haɗari, ta sa wannan cikin huɗu na sahun gaba.

Cutar da ba a cika gani ba

Domin a ga irin ƙuncin rumbun magungunan nan, yana da kyau a dubi wata cuta ta yankin Sahel wadda likitoci ke kira maisetoma. An fara bayyana ta a 1842 a garin Madurai na Indiya, shi ya sa ake ce mata ƙafar Madura, amma ƙasar da aka fi saninta da ita a yau ita ce Sudan, ana kuma samunta a Cadi da Nijar da Senegal. Manomi ko makiyayi yana tafiya ba takalmi, ƙaya ta soke shi, ta shigar da ƙwayar ƙarƙashin fata. Sai wani ƙullutu ya fito, ba zafi, yana girma a hankali shekara da shekaru, ya huhhuje yana fitar da ruwa mai ɗauke da 'yan ƙwayoyi kamar tsaba, daga bisani ya ci ƙashi. Akwai irin da bakteriya ke kawowa, wanda ya fi jin magani. Irin na fumfuna kuwa, mai baƙar tsaba, maganinsa shi ne itirakonazol ɗin nan dai, sau biyu a rana har kimanin shekara guda, tare da fiɗa. Wanda ya makara sau da yawa sai an yanke ƙafar.

A 1991 aka kafa cibiyar binciken wannan cuta a Jami'ar Hartum, ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. A 2017 aka fara gwajin wani sabon magani a cibiyar, fosrabukonazol, wanda ake sha sau ɗaya a mako, kuma sakamakonsa ya ba da ƙwarin gwiwa. Sai yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tsayar da aiki a cibiyar ta Hartum. Gaskiya ne taurin kan ƙwayar makero ba ya tsallakawa zuwa ƙwayar maisetoma. Amma misalin ya nuna cewa 'yan magunguna ƙalilan ne ke riƙe da cututtuka masu yawa, tun daga mai sa ƙaiƙayi har zuwa mai raba mutum da ƙafarsa, kuma samun sabo aiki ne na shekaru da dukiya mai yawa.

Abin da ya shafi ƙasashen nan

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Irin gaurayayyen man da aka yi bayani yana nan a kemis-kemis da teburan 'yan koli da farantan masu talla a tashar mota, daga Kano zuwa Maraɗi zuwa Kumasi. Ana shafa shi ga kowane irin ƙurji, har uwaye suna gauraya shi da man jarirai. Ana kuma yin amfani da mayukan sitiroyid masu ƙarfi wajen bilicin, a shafe jiki duka kullum, shekara da shekaru. Sakamakon haka sananne ne ga likitocin fata: fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje su feso, makero ya bazu, wani lokaci ma abin ya kai ga hawan jini da ciwon sukari. Ga zafi da gumi, ga cunkoson ɗakunan kwanan ɗalibai da barikoki da gidajen yari, ga kuma zirga-zirgar 'yan kasuwa da ɗalibai da masu neman magani tsakanin ƙasashen nan da Indiya. Ashe ko dai a shigo da ƙwayar daga waje, ko kuwa a rene ta a gida.

Ga jama'a, abin da ake bukata ba mai wuya ba ne. Mai sayen man shafawa ya karanta jikin kwalin. In ya ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, to, ba na makero ba ne, ko da an zana hoton makero a jiki. Makeron jiki maganin fumfuna zalla yake bukata, mako biyu zuwa huɗu, a kuma ci gaba da shafawa ko bayan tabon ya ɓace, har kwanakin su cika. Makeron kai kuwa shafawa kaɗai ba ta isa gindin gashi. Sai da maganin sha na mako shida zuwa takwas, bisa umurnin likita. In mutum ɗaya ya kamu a gida, a duba sauran, a yi musu magani lokaci guda, a raba tawul da mataji da hula, a wanke tufafi a shanya su a rana. Wanzami da mai aski su tsabtace aska da injin tsakanin kai da kai. Makeron da ya wuce wata guda ana magani bai motsa ba, asibiti ya kamata a kai shi, kada a sake sayo wani bututu.

Ga ma'aikatan gwamnati nauyin ya fi haka. Hukumomin da ke yi wa magani rajista, irin su NAFDAC a Nijeriya, su ne ke da ikon sake duba waɗannan gaurayayyun mayuka, da hana sayar da sitiroyid mai ƙarfi ba takardar likita. Darasin Indiya shi ne doka ta zo a makare, kuma doka a takarda ba ta rufe teburin ɗan koli sai an bi ta da sufeto. Ma'aikatun lafiya suna iya wadata ƙananan asibitoci da madubin likita da ruwan gwajin ɓawon fata, wanda kuɗinsa kaɗan ne, domin a daina ba da magani bisa zato. Asibitocin koyarwa kuma su zama wurin da ake aika samfurin duk makeron da ya ƙi magani, a karanta gadonsa, a ajiye lissafi. Ma'aikatun ilmi su mayar da duba kawunan yara cikin aikin makaranta.

Ɗalibai kuwa, musamman masu karatun likita da haɗa magunguna da kimiyyar ƙananan halittu, ga fage nan a buɗe. Masana fumfuna kaɗan ne a Afirka, alhali cututtukanta suna da yawa a nan. Wanda ya ɗauki aikin ƙirga irin ƙwayoyin da ke kan yaran unguwa ɗaya, ya gwada su da magungunan nan huɗu, ya rubuta abin da ya samu, ya yi wa ƙasarsa aikin da za a daɗe ana amfana da shi.

Daga shigowar tarbinafin kasuwa a 1991 zuwa raɗa wa ƙwayar da ta gagare shi suna a 2020, shekara 29 ce kacal. Maganin da aka gada amana ne, kuma yadda aka riƙe shi a kemis da gida da ofis shi zai nuna ko zai yi wa na baya amfani. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.